Toshe Talla a Waya: Wayo Ne Ko Cin Haƙƙi?



Wata tambaya aka kawo mana bayan sallar La'asar, ranar da muka ja jam'i saboda Liman ya yi tafiya. Mai tambayar ɗaya ne cikin samarinmu, shi ne ke kula da ɗan shafin nan na intanet da ake sa sanarwar rasuwa da ɗaurin aure da suna, da farashin goro da tumatir, da cigiya in yaro ya ɓata. Ya ce, "Baba Malam, wanda yake shiga shafina kullum ya karanta kyauta, amma ya sa manhajar toshe talla, ya ci haƙƙina ko bai ci ba?"

Kafin mu buɗe baki, wani Alhaji abokin cinikinmu da ke gefe yana jan carbi ya karɓe. Ya ce, "Ni nan na sa an toshe mini. Ranar da na buɗe sanarwar rasuwar ƙanin mahaifina, a ƙarƙashinta mace ce rabi tsirara tana kira na in zo in yi caca. Kuma jikana na tsaye yana leƙe."

Mun ɗauka ƙaramar magana ce, sai da muka kwana biyu da ita.

Da farko muka sa yaron ya yi mana bayanin yadda abin ke tafiya, don ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san siffarsa ba. Ashe shafi ba a iska yake tsaye ba. Ana biyan kuɗin sunansa duk shekara, ana biyan hayar inda aka ajiye shi, galibi da lissafin dala, kuma kowa ya san abin da ya sami naira tun 2023. Ga data, ga man janareta. Kamfani irin Google shi ke karɓar talla daga masu kaya ya liƙa a shafin, ya ba mai shafi kasonsa gwargwadon yawan waɗanda tallar ta bayyana a wayarsu. Kuma ba ya sakin ko sisi sai abin ya taru ya kai dala 100. Ita kuwa manhajar toshewa, irin su Adblock Plus, ko wadda Opera Mini ta zo da ita a ciki tun 2016, tana tare tallar tun kafin ta sauka. Abin da bai sauka ba ba a ƙirga shi, wanda ba a ƙirga ba kuma ba a biya.

Wani zai ce ai in rediyo ya shiga talla mukan tashi mu yi alwala, ba wanda ya ce mun yi laifi. Haka ne. Amma gidan rediyo ya riga ya karɓi kuɗinsa, ka ji ko ba ka ji ba. Shi wannan yaron da idonka ake biyansa.

To sata ce? A'a, kada mu ɗora wa mutane abin da Shari'a ba ta ɗora musu ba. Sata ita ce ɗauke dukiyar wani a ɓoye daga ma'ajiyarta. Nan mai shafi ne ya buɗe ƙofa ya ce bisimilla, ba a yi ciniki ba, ba a sa hannu a takarda ba. Wayar taka ce, datar ma da guminka ka saye ta. Tun da hukumar NCC ta amince a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, mai turin baro a Bodija yana lissafin abin da ya buɗe kamar yadda yake lissafin garin kwakinsa. Talla guda mai motsi takan sha datar da ta fi ta labarin da ka zo karantawa. Wanda ya ce ba zai iya ba, yana da magana.

Amma ba duk abin da ya kuɓuta daga sunan sata ne ya zama halin kirki ba, kuma mu mutanen Sabo bai kamata a koya mana wannan ba. Tun da aka kafa unguwar nan a 1916, a kan me ta rayu? Falke zai taso daga Arewa da shanu, ko ya zo sayen goro, ya sauka wurin maigida. A ba shi ɗaki, a kai masa tuwo safe da dare, a adana masa kuɗinsa, ya yi mako biyu ko uku ba wanda zai ce kawo kuɗin kwana. Kyauta ce? Kowa ya san banza ba ta kai zomo kasuwa. Maigida yana jiran ranar ciniki ne, a sayar ta hannun dillalansa, la'ada ta fito, daga nan ake cefanen da baƙon ya ci. Ba a rubuta wannan ko'ina ba, ba a ma faɗa. To a ce baƙo ya ci ya sha, ranar ciniki ya zagaya ta bayan gida ya sayar da shanunsa ba tare da sanin maigida ba. Ba za a kai shi gaban alƙali a ce ɓarawo ba. Amma kafin magariba labarinsa ya gama kara, kuma in ya dawo baɗi sai dai ya kwana a tasha. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida a kan irin wannan, cewa abin da al'ada ta sa kowa ya sani yana daidai da sharaɗin da aka faɗa da baki. Suratul Ma'ida ma da umarnin cika alkawura ta buɗe.

Da wannan muka fara karkata wajen yaron. Sai muka tuna maganar Alhaji, muka ga shi ma masauki yana da nasa sharaɗin. Wane maigida ne zai shimfiɗa wa baƙo tabarma, sannan ya bar 'yan caca da masu ba da bashi da ruwa su zauna a bakin ɗakin suna jan rigarsa? Surar da ta ce a cika alkawari, ita ce a aya ta 90 ta haramta caca, Suratun Nur kuma ta ce a runtse ido. Babu al'adar da za ta wajabta wa Musulmi kallon abin da aka hana shi don wani ya sami kuɗin data. Kuma ba maganar ido kaɗai ba ce. Mun san gidajen da kuɗin jari ya tafi a cacar ƙwallo, mun san waɗanda masu bashin waya suka aika wa duk lambobin da ke wayarsu saƙon cin mutunci. Da yawa daga irin wannan ɗan hoto mai ƙyalli abin ya faro. Uban da ya toshe don ya kare gidansa ya yi abin da ya hau kansa.

Da muka matsa wa yaron, sai ya amsa cewa akwai wurin da mai shafi zai shiga ya hana tallar caca da ta neman mata da ta kuɗin dare ɗaya fitowa. Muka ce me ya hana ka? Ya sunkuyar da kai ya ce su ne suka fi kawo kuɗi. Mun ji tausayinsa, wallahi, amma mun faɗa masa gaskiya: wanda bai share ƙofar gidansa ba, ba shi da bakin cewa baƙo ya ƙi zama a zaure.

Abin da muka tsaya a kai shi ne, toshewa saboda ɓarna halal ce, wani lokaci ma dole ce. Sai dai ba ta goge bashin tuwon da aka ci. Wanda ya toshe kuma yana amfana kullum, ya nemi wata hanya ya biya, ko da naira 500 ce a wata, kamar yadda muke jefawa a asusun masallaci ba tare da an bi mu ba. In mai shafi ya tsabtace tallarsa, to a buɗe masa, manhajojin nan suna ba da damar a ware shafi guda a ƙyale shi. Wanda kuwa yake da hali, talla mai tsabta ce, ya toshe don kawai ba ya son a dame shi, ba mu ce ya shiga wuta ba, amma ya duba ko zai so a auna masa da mudun da yake auna wa mutane.

Manyan kamfanoni ba su ne damuwarmu ba, su suna da ƙarfin kare kansu. YouTube tun 2023 take tare masu toshewa ta ce ko ka buɗe ko ka biya. Yaronmu in ya yi haka, ranar da aka yi rasuwa rabin unguwa ba za su ji ba sai an dawo daga maƙabarta.

Laifi tudu ne, bari mu sauka daga namu. Me ya kai shi jiran tallar mutanen da ba su san Sabo ba? Mu 'yan kasuwa nawa ne a nan, masu goro, masu canji, masu yadi, masu motocin Kano da Sakkwato? Mukan kashe kuɗi a kalanda da allon shago, amma ba mu taɓa tunanin mu ce ga dubu biyar, sa sunan shagona a gefen farashin kaya ba. Mu kanmu da ke wannan rubutu, shekara nawa muna duba farashin huhun goro a wurinsa kafin mu kira Shagamu, ko sannu ba mu taɓa ce masa ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce mun haɗa su biyun a shagonmu. Yaron ya rufe tallar caca a gabanmu, ya ce abin da yake samu zai ragu sosai. Alhaji ya miƙa wayarsa aka buɗe shafin, ya kuma biya kuɗin tallar shagonsa na wata uku. Amma ya ce ranar da ya sake ganin matar nan, da kansa zai je a mayar da toshewar, kuma sai an dawo masa da canjinsa.