Sabon Zubi Ya Fito: Shin Na Jiya Ya Tsufa Ke Nan?

Akwai wata irin damuwa da takan sami mutumin da ya sayi sabuwar kwamfuta, wadda ba ta samun wanda bai saya ba. Ya shafe watanni yana tari, ya yi shawara da masana, ya je kasuwa ya zaɓo furosesa, wato ɗan guntun nan da bai fi akwatin ashana faɗi ba, wanda shi ne ƙwaƙwalwar na'urar. Tun bai gama jefar da kwalin ba sai ya ji shela cewa kamfani ya fito da sabon zubi. Daga ranar nan na'urar da yake alfahari da ita sai ta fara yi masa nawa. Tambayar da muke son dubawa a wannan maƙala ita ce: shin ya kamata wannan bawan Allah ya cire na jiya ya sa na yau? A zahiri tambaya ce ta ciniki, amma a ƙarƙashinta akwai wata da ta girme ta, wato ta yaya mutum zai gane cewa abin da ke hannunsa ya ishe shi.

Ya dace mu soma da yi wa masu ɗokin sabo adalci, domin ɗokin nasu yana da asali. A shekarar 1965 Gordon Moore, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Intel, ya lura cewa yawan tiransistocin da ake iya cusawa cikin guntu ɗaya yana ninkuwa kowace shekara. A 1975 ya gyara hasashen ya mayar da shi kowace shekara biyu. Furosesan Intel na farko, mai lamba 4004, da ya fito a 1971, tiransisto 2,300 gare shi. Na 486 da ya fito a 1989 ya haura miliyan ɗaya, Pentium kuwa na 1993 ya kai miliyan 3.1. A wancan zamani wanda ya sauya ƙwaƙwalwar na'urarsa ba ya bukatar agogo kafin ya ga bambanci, idonsa ma ya ishe shi. Daga nan ne aka gaji imanin cewa kowane sabon zubi tsalle ne.

Sai dai zamani riga ne. Wajen shekarar 2005 masu ƙira suka ci karo da katangar zafi: duk ƙarin gudun da aka yi wa guntun sai ya ƙara shan wuta, ya ƙara ɗaukar zafin da fanka ba ta iya kashewa. Pentium 4 ya tsaya a gigahaz 3.8, daga nan aka koma dabarar tara ƙananan ƙwaƙwalen aiki da yawa a guntu ɗaya, kamar manomin da ya ga ba zai iya ƙara wa hannunsa sauri ba sai ya kira gayya. Ci gaba bai tsaya ba, amma tafiyarsa daga shekara zuwa shekara ta zama taku, ba tsalle ba. Alal misali, Core i9-13900K na Intel ya fito a watan Oktoba na 2022 da ƙwaƙwalen aiki 24 da ƙololuwar gudu gigahaz 5.8. Bayan shekara guda cif magajinsa, 14900K, ya fito da ƙwaƙwale 24 ɗin nan dai, da gudu gigahaz 6.0. Lambar zubi ta tashi daga 13 zuwa 14, amma ƙarin gudun bai kai kashi 4 cikin 100 ba.

To, a ce ma ƙarin ya fi haka. A nan ne wata ƙa'ida da Gene Amdahl ya bayyana a 1967 take shigowa, ma'anarta kuwa ita ce gyaran sashe ɗaya na aiki ba ya amfanar aikin gaba ɗaya sai gwargwadon rabon wannan sashe a cikinsa. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Legas zuwa Ibadan ranar cunkoso ya san wannan ƙa'ida ko da bai san sunanta ba: mai sabuwar marsandi da mai tsohuwar bas tare suke isa, domin ba injin mota ne ya tsare su ba. Mu ɗauka wani aiki yana cin minti 10 a kwamfuta, minti 4 na lissafin furosesa ne, sauran 6 kuwa jiran faifan ajiya ne da jiran intanet. Idan aka sa sabon furosesa da ya fi tsohon gudu da kashi 25 cikin 100, minti 4 ɗin nan za su koma minti 3 da daƙiƙa 12. Ribar duka daƙiƙa 48 ce. Ɗalibin da ke buga kundin bincikensa kuwa, ko malamin da ke haɗa sakamakon jarrabawa, nasu furosesan yawancin yini zaman jira yake yi, yana sauraron yatsunsu su taɓa harafi na gaba.

Haka kuma ba a sayen furosesa shi kaɗai kamar yadda ake sayen hula. Yana da gurbin da ake dasa shi a kan babban allon na'ura, wanda 'yan kasuwa ke kira madabod, kuma kamfanoni kan sauya siffar gurbin nan lokaci-lokaci. Gurbin LGA1700 na Intel ya ɗauki zubi na 12 da na 13 da na 14. Da Core Ultra 200S ya fito a Oktoba 2024 sai ya zo da nasa gurbin, LGA1851, wanda ke tilasta sayen sabon allo. A ɓangaren AMD, gurbin AM5 na 2022 ba ya karɓar tsohuwar ma'ajiyar ram ta DDR4, sai DDR5. Masanin falsafar nan na Faransa, Denis Diderot, ya rubuta wata 'yar maƙala a 1769 game da wata jar riga mai tsada da aka ba shi kyauta. Da ya sa ta sai ya ga kujerarsa ba ta dace da ita ba, ya sauya. Ya ga teburin ya yi muni, ya sauya. Haka ya bi kayan ɗakin ɗaya bayan ɗaya har ya tsinci kansa baran rigar da aka ba shi. Mai sauya furosesa yakan bi wannan sawu: guntu ya jawo allo, allo ya jawo ram, ram ta jawo sabuwar fanka. Mu kuma da muke sayen kayan nan a kasuwar kwamfuta ta Ikeja da kuɗin da aka lissafa da dala, ba mu manta da yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 kafin watan Yuni na 2023 ta haura naira 1,500 a 2024 ba. Tsohon guntun kuwa, da zarar ya fita daga kwali ya zama kayan gwanjo, farashin gwanjo za a taya shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne, ranar da aka yi shelar sabon zubi babu tiransisto ko ɗaya da ya mutu a cikin tsohon. Aikin da ya gama cikin minti biyar ranar Litinin, cikin minti biyar zai gama shi ranar Talata. Na'urar tana nan yadda take. Ma'aunin mai ita ne ya sauya. Da yana auna ta da aikinsa, yanzu ya koma auna ta da na'urar wani. Wannan ma'auni na biyu ba shi da gindi, domin kamfanoni sun riga sun tsara fitar da sabon zubi kusan kowace shekara, saboda haka wanda ya ɗora natsuwarsa a kan mallakar na ƙarshe ya sayi natsuwar da ba za ta wuce watanni goma sha biyu ba. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, amma muna ganin abin da ke nan ya ɗan bambanta da kwaɗayin abinci ko na kuɗi. Mai kwaɗayin nama ya san ɗanɗanon da yake nema. Mai kwaɗayin sabon zubi sau da yawa ba zai iya faɗin aikin da tsohon ya gaza yi masa ba. Lamba yake bi, kuma da za a musanya masa guntayen biyu cikin dare, da wuya ya gane da safe.

Kada a fahimce mu da cewa muna yabon zama wuri ɗaya. Wadatar zuci daban, ƙyuya daban, kuma akwai rowar da ke shigowa cikin rigar tsoron almubazzaranci. Mai tace finafinai da ke zaman awa uku yana jiran na'ura ta haɗa masa hoto, ko mai binciken da lissafinsa kan kwana yana gudana, lokaci shi ne jarinsa. Idan sabon guntu zai rage masa rabin awa kowace rana, yana iya ɗaukar biro ya lissafa watannin da kuɗin za su dawo, in lissafin ya fita to sayen ya zama kamar na maƙerin da ya sake zugazugai. Sharaɗin dai shi ne ya kasance na'urar ce ke sa shi jira, kuma ya tabbatar furosesa ne mai laifin, ba ƙarancin ram ko tsohon faifai mai juyawa ba, wanda maye gurbinsa da ma'ajiyar SSD ya fi araha nesa ba kusa ba.

Wani abin lura kuma, wanda ya yi haƙuri shi ne yakan ci moriyar sauyin sosai. Mutumin da ya sayi Ryzen na farko a 2017 a kan gurbin AM4, ya ƙyale zubi biyu suka wuce shi, ya sami damar dasa Ryzen 5000 a kan allonsa na da, tun da a 2022 AMD ya buɗe wannan ƙofa ga alluna da yawa na farkon zubi. Ƙananan takun da bai kula su ba sun taru sun zama tsallen da ake gani da ido. Wanda ya bi su ɗaya-ɗaya kuwa ya biya sau uku domin isa wuri guda.

Akwai kuma ranar da tilas kan zo daga waje, ba daga zuciya ba. Kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali Windows 11 a hukumance ba ya karɓar galibin furosesocin Intel da suka girmi zubi na 8, wanda ya fito a 2017. Masu irin waɗannan na'urori, ko da lafiyarsu ƙalau, suna da dalilin zama su yi lissafi, ko su koma Linux, ko su nufi kasuwa. Mutumin da muka soma magana a kansa, wanda rasit ɗinsa bai ko koɗe ba, ba ya cikinsu.