Yawon Amarci: Linzami Da Akushi

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halatta aure, Ya sanya shi natsuwa ga bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wata sabuwar al'ada ta fara shigowa cikin masu hali da 'yan boko, har labarinta ya iso zaurukan Talata Mafara da Bakura da Maradun. Watau da an kai amarya, sai ango ya ɗauke ta su bi ta Kano ko Abuja su hau jirgin sama, su nufi wani tsibiri mai rairayi da itatuwan kwakwa, kamar Zanzibar da ke Tekun Indiya. A can za su yi hayar mota su riƙa zagayawa, da dare kuma su ci abinci a bakin teku. Jama'a sun rabu biyu a kan wannan. Dattawa suna cewa koyi ne da Nasara da zubar da kunya. Samari kuwa suna cewa kuɗinsu ne, matarsu ce. Kowane ɓangare ya kama wani yanki na gaskiya, ya saki saura.

Tafiya dai al'ada ce, asalin al'ada kuwa halas ne har sai wani dalili ya zo ya hana. Keɓe wa amarya kwanaki ma Shari'a ce ta fara yin sa. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san budurwa tana da kwana bakwai, bazawara kwana uku, waɗanda kishiya ba ta da rabo a cikinsu. Hikimar ita ce yarinya ta rabu da ɗakin uwarta, ta shiga gidan da ba ta sani ba, tana bukatar wanda zai kawar mata da kewa. Abin da take bin ango ke nan: lokacinsa da tausayinsa. Shari'a ba ta ambaci wurin da za a biya wannan bashi ba.

Tarihi ma ya adana amarcin da aka yi a kan hanya. A shekara ta 7 bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya auri Nana Safiyya, ya yada zango kwana uku tsakanin Haibara da Madina. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa walimar ba gurasa ba nama; shimfiɗun fata aka baza, aka zuba dabino da cuku da man shanu. In za ta hau raƙumi kuwa, sai ya durƙusa ya kafa mata gwiwarsa ta taka. Abincin na matafiya ne, amma girmamawar ta fi ta fadar sarakuna. Da wannan ma'auni ya kamata a auna abu biyu da ake zuwa tsibiri dominsu, watau tuƙi da ci.

Game da tuƙi, baƙon da ya sauka Zanzibar zai tarar ana bin hannun hagu, alhali Nijeriya ta koma hannun dama tun 1972. Hanyoyin ƙauyuka ƙanana ne, ga kekuna da babura da yara, kuma hukuma tana neman baƙo ya yanki takardar izinin tuƙi ta can. Angon da ya ƙi ɗaukar direba don kada amarya ta ga gazawarsa, ya sa ranta cikin haɗari saboda girman kai. An ruwaito cewa wani sahabi mai suna Anjasha yana kora raƙuman mata da waƙa har suka yi sauri, sai Annabi ya umurce shi ya sassauta, ya kamanta matan da kwalabe masu saurin fashewa. Sitiyari shi ne linzamin wannan zamani, hukuncin kuwa bai sāke ba. Wannan gargaɗi ya fi shafar gida. Kowa ya ga yadda ake kai amarya a kan titin Gusau zuwa Sakkwato da ya ratsa Mafara: motoci suna tsere, 'yan kabu-kabu suna wasa da babura, an cusa mata goma inda aka yi wa biyar. Mutumin da ke zagin mai zuwa tsibiri, ya kuwa yi shiru a kan wannan, ya bar jaki yana dukan taiki.

Game da ci, a mazhabar Imamu Malik duk abin da ke rayuwa a teku halas ne. Saboda haka kifi da ƙaguwa da jatan lande da ake gasawa da dare a dandalin Forodhani ba su da laifi, balle mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, ga kanumfarin da matan Zamfara ke sa wa fura ma amfanin gonarsu ne. Inda hattara take shi ne manyan masaukan baƙi, inda ake ajiye giya a kan teburi, wani lokaci har a dafa abinci da ita. Wajibi ne a tambaya, a kuma tashi daga teburin da ake sha. Amma akwai abin da ya fi wannan zurfi. A ƙasar Hausa maigida yakan ci tuwonsa a zaure ko ƙofar gida tare da maƙwabta, al'ada ce mai kyau mai ciyar da baƙo. Sai dai akwai matar da ta shekara ashirin tana tuƙa tuwo ba ta taɓa sa hannu cikin akushi ɗaya da mijinta ba. Alhali ya inganta cewa lomar da miji ya sa a bakin matarsa yana da lada a kanta, kuma Nana A'isha ta ba da labarin yadda Annabi yake sha daga gurbin da ta sha. Abin da samari ke haye teku suna nema, sunna ce da aka bari a gida.

Sa'an nan akwai sharuɗɗa uku. Na ɗaya, kada a yi da bashi. Wanda ya jinginar da gonarsa don kwana bakwai, zai dawo ya ci amarya da fushin talauci shekara bakwai. Alƙur'ani ya halatta ci da sha, ya hana ɓarna, ya yabi masu tsayawa tsakanin almubazzaranci da ƙwauro. Na biyu, kada a yi don a gani. In an baza hotunan amarya a waya domin a ƙona zuciyar wanda ko lefe ya gagare shi, tafiyar ta zama riya. Na uku, kada salla ta faɗi. Matafiyi yana ƙasaru a hanya, amma in ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri, sai ya cika.

Wanda ya cika waɗannan, ba mai ikon haramta masa abin da Allah bai haramta ba. Wanda bai da hali kuma, bai rasa kome ba. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato ta shayar da gonakin Mafara da Bakura da Maradun, ta ba su shinkafa da kifi. Rashin tsaron da ya addabi Zamfara shekaru da dama ya sa yawon shan iska a bayan gari ba dabara ba ce, kuma kiyaye rai yana gaba da nishaɗi. Amma ba abin da ya hana ango ya sayo kifi ran kasuwar Talata, ya shiga ɗaki, ya zauna a tabarma su ci tare.

Jarrabawar gaskiya tana zuwa ne ran kwana na takwas. In angon da ya buɗe wa amarya ƙofar mota a tsibiri ya dawo yana daka mata tsawa a kan gishirin miya, to, kuɗin jirgi kawai ya ɓatar. In kuwa ya dawo da sassaucin linzami da haɗa akushi, ya riƙe su har tsufa, ya samo abin da ya fi tsaraba.

Allah Ya sa albarka a cikin aurarrakin Musulmi, Ya kiyaye matafiya. Allah Shi ne Mafi sani.