Sunan da Aka Ɓoye a Schwarzenau

A shekarar 1708 mutum takwas suka yi baftisma a kogin Eder, a ƙauyen Schwarzenau na ƙasar Jamus. Daga nan Ikilisiyar 'Yan'uwa ta faro. Sunan wanda ya yi wa shugabansu Alexander Mack baftisma kuwa suka ɓoye shi, kada a ɗaukaka mutum.

Yau jikokinsu a Amurka suna bin jerin fasinjojin jiragen ruwan Philadelphia suna neman kakanni. Aikin da wuya, gama 'Yan'uwa da Mennonite ba sa yi wa jarirai baftisma, balle a sami rajistarsu. Neman asali ba laifi ba ne. Sai dai wanda ya ga sunan kakansa a jerin 1729, yana taƙama da shi, ya manta kakan nan bai yarda ana gadon bangaskiya ba.