Haƙƙin Kunkuru a Kan Mai Kiwonsa

A wani gida da ke bayan layin masu sayar da kayan gyaran mota a Dilimi, cikin garin Jos, inda ƙarar guduma ba ta yankewa tun daga hantsi har faɗuwar rana, akwai wani kunkuru da ya shekara bakwai a tsakar gida, yara suna kiransa da sunan mace, maigidan kuwa, wanda tare muka yi karatun zaure, bai taɓa neman sanin irinsa ba, balle ya san namiji ne ko tamata, sai a hunturun bara da dabbar ta ƙi cin abinci, ta lafe a gindin randa, hancinta yana zubar da majina. Da ya kira ni na duba, mas'alar da ta tsaya mini a rai ita ce: shin ya halatta mutum ya tsare halittar da bai san ta ba?

Amma dai mu fara da abin da ido ke gani. Wanda aka fi kawowa daga Arewa shi ne babban kunkurun Sahel, mai launin rairayi, mai ƙahoni gajeru a bayan cinyoyinsa, wanda in ya ƙasaita yakan haura kilo 50, kuma ba wanda ya fi shi girma cikin kunkurun tudu sai na tsibiran Galafagos da na Aldabra. Abincinsa ciyawa, mafakarsa rami mai zurfi da yake haƙa wa kansa. Akwai kuma wani ƙarami mai gaɓa a ƙarshen ƙoƙon bayansa, wadda yake rufe ƙafafunsa na baya da ita in ya ji tsoro, shi kuwa yana son laima, yana cin dodon koɗi da ƙwari. Wanda ya ba wannan abincin wancan ya cuce shi, ko da da kyakkyawar niyya ya yi. Na abokina ɗan Sahel ne, an raba shi da ƙasar zafi an kawo shi Jos, wadda tudunta ya kai kimanin mita 1,200, aka ajiye shi a kan daɓen siminti, ba inda zai haƙa ya ɓuya wa sanyi.

Bambance namiji da mace kuwa sai dabbar ta girma, sa'an nan a ɗaga ta a hankali, kada a bar ta a rigingine, domin huhunta yana daf da ƙoƙon baya, kayan ciki sukan danne shi. Cikin namiji yana da loko kamar akushi, wutsiyarsa doguwa ce yana naɗe ta gefe; cikin mace a shafe yake, wutsiyarta gajera. Duk da haka masana ma sukan yi kuskure, gama a tsibirin Santa Helena, inda tsohon kunkurun nan Jonatan yake zaune tun 1882, an haɗa shi da wata abokiyar zama a 1991, sai a 2017 aka gane ashe alamunta na namiji ne. Abin da ya fi ba ni mamaki cikin hikimar Mahalicci shi ne, zafin ƙasar da aka binne ƙwai a ciki yake rarrabe su, in ya yi yawa mata su rinjaya, in ya sassauta maza su fi yawa. Larabawa ma tun da can sun ware wa namijin suna nasa, gailamu, alama ce ta cewa magabata ba su raina wannan bincike ba.

To, ga inda na tsaya. Duk ɗalibin da ya karanta Ahalari ya san ƙa'idar da ke hana baligi shiga wani aiki kafin ya san hukuncin Allah a cikinsa, malamanmu kuma sun wajabta wa mai dabba ciyar da ita. Ta yaya kuwa zai sauke wannan wajibi alhali bai san abin da take ci ba? Suratul An'ami ta sanar da mu cewa dabbobi al'ummomi ne kamarmu, hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare kuma sananne ne a Buhari da Muslim. Kyanwa ma tana kuka a ji ta. Kunkuru ba ya kuka, yakan yi watanni yana ramewa a cikin ƙoƙonsa ba wanda ya lura, saboda haka nake ganin jahilci ba ya zama uzuri ga wanda ya ɗauko shi da hannunsa, musamman masu ajiye shi da zaton yana kore sammu, waɗanda suka haɗa camfi da tauye haƙƙi.

Abokina ya ɗaga nasa a gabana, muka ga loko da doguwar wutsiya. Ya fasa daɓen wani lungu da rana ke bugawa, ya zuba yashi, ya sayo harawa da busasshiyar ciyawa, da dare kuma yana shigar da shi madafa kusa da murhu. Sai da bazara ta kama sa'an nan kunkurun ya soma haƙa.