Labarin Dare Ɗaya Da Ya Jawo Yaƙin Shekaru

Shin shugaban da ya jefa ƙasarsa cikin yaƙi a kan labarin da bai tabbata ba, yana da uzuri in daga baya labarin ya zama ba gaskiya ba ne? Abin da ya auku a tekun Tonkin, kusa da gaɓar Biyetnam ta Arewa, ya isa a auna wannan tambaya da shi.

Ran 2 ga Agusta 1964, ƙananan jiragen ruwa uku na Biyetnam ta Arewa suka kai wa jirgin yaƙin Amurka mai suna Maddox hari. Wannan kam ya faru. Ran 4 ga watan da dare, cikin duhu da hadari, Maddox da wani jirgi, Turner Joy, suka ba da labari cewa an sāke far musu, suka yi ta ɓarin wuta. Jim kaɗan kwamandansu, Kyaftin John Herrick, ya aika cewa yana shakka, mai yiwuwa yanayi ne ya ruɗi na'urorinsu, don haka a bincika tukuna.

Duk da haka Shugaba Lyndon Johnson ya sa jiragen sama suka kai harin ramuwa. Ran 7 ga Agusta majalisar dokoki ta ba shi ikon amfani da ƙarfin soja. A majalisar wakilai babu wanda ya ƙi, a ta dattawa kuwa mutum biyu kaɗai suka ƙi, 88 suka yarda. Zuwa 1968 sojan Amurka a Biyetnam sun haura 500,000. Amurkawa fiye da 58,000 suka mutu, mutanen Biyetnam kuwa sun wuce miliyan. A 2005 aka saki wani binciken hukumar leƙen asirin Amurka da ya nuna babu wani hari a daren nan.

Wani zai ce shugaba ba shi da lokacin jira, domin jinkiri a gaban maƙiyi haɗari ne. Gaskiya ne, in maƙiyi yana bakin ƙofa. Amma a nan babu jirgin da ya nutse, babu Ba'amurken da ya mutu, kuma shakkar ta iso kafin a ɗauki mataki. Wanda aka kawo wa labari tare da shakkarsa, ya riƙe labarin ya yar da shakkar, to, ya zaɓi abin da ransa ke so ne.

Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umarci a tantance labari kafin a afka wa mutane cikin rashin sani, a koma ana nadama. Malaman tafsiri sun ce ta sauka ne sa'ad da aka ba da labarin Banu Musɗaliƙ sun hana zakka, har aka yi shirin yaƙarsu, sai bincike ya wanke su.

Saboda haka alhakin Tonkin bai tsaya kan Johnson kaɗai ba, ya hau kan 'yan majalisar da suka ɗaga hannu ba su nemi hujja ba. Allah Ya ba shugabanni haƙurin bincike kafin hukunci, amin.