Nawa Ne Kuɗin Ƙuri'arki?

'Yan'uwana mata, musamman na nan Burumburum da sauran garuruwanmu na Tudun Wada, Doguwa, Kiru da Bebeji. Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, tambaya ce ɗauke a bakina, ina kuma roƙon kowace ta amsa wa zuciyarta ba ni ba. Tambayar ita ce: mece ce ƙuri'a? Haja ce ta sayarwa kamar ƙuli-ƙuli, ko kuwa amana ce da za a tambayi mutum yadda ya yi da ita?

Kafin ki amsa, bari in tuna miki cewa wannan kati da ke ƙasan adakarki ba daga sama ya faɗo ba. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, mu kuwa matan Arewa aka ce mu zauna a ɗaki. Haka aka sake yi a 1964. Sai a 1976, lokacin zaɓen ƙananan hukumomi, aka fara barin macen Arewa ta yi zaɓe, sannan a 1979 ta zaɓi gwamna da shugaban ƙasa. Kin ga ke nan akwai tsofaffi da ransu a cikin garin nan waɗanda suka yi aure, suka haihu, alhali doka ba ta san da bakinsu ba.

Ba kuma a banza aka samu ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933, tana 'yar shekara 17 ta shiga jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a Kano a 1950. Baiwar Allahn nan ta zo Kano tana bin gidaje tana yi wa matan kulle bayani, aka kama ta, aka ɗaure, aka kore ta daga gari. Ta sha duka, ta sha ɗauri har sau 16 kamar yadda tarihinta ya nuna, amma ba ta fasa cewa a ba mata ƙuri'a ba. Ta rasu a 2001. To dan Allah, abin da wata ta kwana a kurkuku dominsa, shi ne ni zan bayar a kan ƙullin taliya da sabulu sanda biyu?

Na san abin da wata za ta ce, don na sha jinsa a gidan biki da wajen niƙa: "Ke Hajiya, mai ƙoshi ne ke wa'azi. Yarana sun kwana ba su ci ba, an miƙo mini taliya, in ce ba na so?" Wallahi ban raina wannan magana ba, kuma ba zan zagi uwar da yunwar 'ya'yanta ta sa ta miƙa hannu ba. Babban laifi yana wuyan wanda ya bar ta da yunwar shekara huɗu, sannan ya zo ranar ƙarshe yana sayen ta da yunwar. Amma mu yi lissafi irin namu na masu adashi. A ce an ba ki naira 2,000. Wanda kika zaɓa zai yi shekara 4 a kan kujera, wata 48 ke nan. Raba ki gani, kowane wata bai kai naira 42 ba. Wace ce a cikinmu za ta ba da hayar turminta a kan haka? Amma ga shi mun ba da hayar makarantar 'ya'yanmu, da rijiyarmu, da hanyar da za a bi da mai naƙuda cikin dare. Taliya ta ƙare a tukunya ɗaya, shi kuwa ya gama biyan ki. In kika je daga baya kina kukan babu magani a asibiti, a ransa cewa yake ai mun yi ciniki.

Sai wata mai wayo ta ce, "Ni karɓa nake, in shiga in zaɓi wanda raina yake so." Gaskiya ne babu mai ganin inda kika dangwala, don zaɓen a asirce ake yi. Amma akwai wuri ɗaya da nake jin tsoro. Yawanci ba sa bayarwa sai an ce "na yi alkawari", wani lokaci ma har da rantsuwa. In kin cika, kin sayar da amana. In kin saɓa, kin yi ƙarya. Ta ko'ina an ɓata miki wani abu da ya fi taliya tsada, wato bakinki. Ga shi kuma dokar zaɓe ta haramta abin, mai bayarwa da mai karɓa duka. Shi ya sa nake ganin mafi tsira shi ne kada ki bari a ɗaure ki da alkawari tun farko. Wanda ya ce ba zai taimake ki ba sai kin rantse, ai ya gaya miki ko shi wane ne.

Domin ni a fahimtata, ƙuri'a shaida ce. Idan kika dangwala wa mutum, cewa kika yi, "Na shaida wannan ya fi sauran cancanta a ba shi dukiyar marayu da talakawa." Da za a kira ki gaban alƙali ki shaidi ɓarawo a kan atamfa turmi ɗaya, na tabbata za ki ce Allah Ya kiyaye. To me ya bambanta su? Don dai babu alƙali zaune a rumfar zaɓe?

Daga nan sai mu zo kan magana mai nauyi, ta maigida. Da yawanmu da safe ake cewa, "Ga alamar da za ki dangwala." Ni ban zo in haɗa ki faɗa da mijinki ba, zaman aure ya fi ƙarfin siyasa. Ki nemi izinin fita cikin ladabi, ki saurari dalilinsa, sau da yawa ya fi ki jin labarin 'yan takara tunda shi ke zama a majalisa da kasuwa. Amma ke ma akwai abin da kika fi shi sani. Ke kika san ko akwai ma'aikaciya ranar awo, ke kika san ko malami yana shiga ajin su Ummi, ke kika san nisan ruwa. Ki gaya masa naki, ya gaya miki nasa. In kun daidaita, madalla. In ba ku daidaita ba, ba sai an ji kanku ba, amma shaida ba a ba da aronta. Miji na gari ma ba zai so matarsa ta shaidi abin da zuciyarta ta ƙi ba.

Wata kuma cewa take, "Ƙuri'ata ɗaya me za ta yi? Su da sun gama rubuta abinsu." Ba zan ce ba a maguɗi ba. Amma maguɗi ya fi sauƙi a inda mutane suka ƙi fitowa, kamar yadda ɓera ya fi sakewa a ɗakin da babu kowa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin kowane mutum 100 masu rajista waɗanda suka fito ba su kai 30 ba. Dubi kuma zaɓen gwamnan Kano na 2019: tazarar da aka bayyana tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai ƙuri'a 9,000 ba. Jihar Kano tana da mazaɓu 484. In kika raba, kowace mazaɓa ba ta kai ƙuri'a 20 ba. Ashe matan babban gida ɗaya a Burumburum, da irinsu a kowace mazaɓa, sun isa su juya kujerar gwamna. Da yayyafi kogi kan cika.

Ban manta da tsoro ba. Duk mun san abin da ya faru a Tudun Wada lokacin zaɓen 2023, aka yi tashin hankali har aka rasa rayuka. Wadda ta ga haka ta ce ba ta ƙara fita, ba za a ga laifinta ba. Sai dai mu tambayi kanmu, yaran da ake ba ƙwaya da gora, 'ya'yan wa ne? Namu ne. Ɗan takara nasa suna makaranta a birni ko a ƙasar waje. Siyasar uwa tana farawa ne daga ranar da ta tsare ɗanta ta ce, "Ban yafe ba in ka ɗauki makami saboda wani." In iyaye mata goma a unguwa suka yi haka, mai raba gora zai rasa hannun da zai miƙa wa.

Kada kuma ki ce sai mai boko ko mai kuɗi ke wannan aiki. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da jajis ɗinta na 'Yan Taru ta kai ilimi ƙauyuka, mace tana gaya wa mace. Mu ma muna da wuraren taronmu: adashi, suna, Islamiyya, bakin rijiya. Ki tambayi maƙwabciyarki ko tana da katin zaɓe. Yarinyar da ta cika shekara 18 ki raka ta rajista in an buɗe. Ranar zaɓe ku fita tare da sassafe, a bar wata dattijuwa da yara, in kun dawo ita ma a raka ta. In ɗan takara ya aiko, ku haɗu ku ce ba taliya kuke so ba, ga buƙatunku uku, a rubuta, a ajiye takardar. Bayan shekara ku tura wakilai wajen kansila ku tuna masa. Haka nan in mace ta fito takara, kada mu zama mu ne na farko wajen jifanta da sunan banza. A nan kusa da mu Hajiya Azumi Namadi Bebeji ta taɓa wakiltar Kiru da Bebeji a Majalisar Wakilai ta Tarayya, ƙasa kuwa ba ta tsage ba. Amma ita ma macen a auna ta da ma'aunin da aka auna namiji, don zama mace kaɗai ba shi ne cancanta ba.

Ni ban ce ki zaɓi wane ko jam'iyya kaza ba, wannan tsakaninki da zuciyarki ne. Abin da nake roƙo shi ne ki fita, ki kuma fita da shaidar da ba za ki ji kunyarta ba ranar da 'yarki ta girma ta tambaye ki wa kika zaɓa, kuma don me.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayinmu, Ya ba mu zuciyar zaɓensu, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Taku a kullum.