Jeren Ɗaki Don Wa?

'Yar'uwa, zo mu yi 'yar magana ta tsakaninmu mata. Lokacin aurena sai da Baba ya sayar da gonarsa ta gado, don a cika min sif da tangaran da samira, kada dangin miji su yi mana gori. 'Yan ganin ɗaki suka zo, suka yaba, suka watse. Yau shekara 12 ke nan, wallahi akwai kwanon da ko ruwa ban taɓa zubawa a cikinsa ba, sai dai goge ƙura. Gona kuwa ta tafi ke nan.

Kakata fa? Ɗakinta daɓen makuba ne, ga faya-fayen da ta ɗinka da hannunta jere a bango, ga ƙoranta fes, ƙamshin turaren wuta na tashi. Kowa ya shiga ba ya son fita, kuma ba ta ci bashin kowa ba.

Ba na ce ado laifi ba ne, ai mace da kwalliya aka san ta. Amma adon da ya sa uba kwana da tunani, don wa aka yi shi? Ranar auren 'yarki, ki tuna daidai ruwa daidai tsaki.

Allah Ya ganar da mu, amin.